Kumburin hannu bayan bugewa ko targaɗe: daga sa'ar farko har hannu ya koma aiki

Ƙofar mota ta datse yatsa, bulo ya faɗo wa lebura a bayan hannu, tsohuwa ta zame a kan tayil mai santsi ta dafa ƙasa da tafi, yaro ya tare ƙwallo da kan yatsa. Irin raunukan ke nan da ake yini ana samu a tsakanin mutanenmu na Makka da Jidda da Madina, kuma yawancinsu a gida suke warkewa. Waɗanda suke barin naƙasa kuwa, sau da yawa abin da aka yi bayan buguwar ne ya jawo: an bar hannu yana reto kumburi ya kwanta, an tamke ɗauri, ko an hana yatsu motsi makonni har suka ƙage.

Zobe tukuna

Kafin ƙanƙara, kafin magani, a cire zobe da agogo da awarwaro, har da zoben da ke yatsun da ba su bugu ba, domin kumburi ba ya tsayawa inda aka ji ciwon. Zoben da zai fita salin-alin a minti 10 na farko, bayan awa 2 yana iya kaiwa sai an yanka shi. Idan ya riga ya cije, ɗaga hannun sama na minti 5, tsoma shi a ruwan sanyi, shafa sabulun ruwa ko mai, sannan ka riƙa murza zoben yana juyawa maimakon fizga. In bai fita ba, samu zare mai ƙwari, cusa bakinsa ta ƙarƙashin zoben, naɗa sauran a jikin yatsan, naɗi kusa da naɗi, har ka wuce gaɓar tsakiya. Sai ka kama bakin da ka cusa ka riƙa warwarewa, zoben zai biyo zaren. Ba a yin wannan a yatsan da ya karkace ko ya yanke. An gwada sau biyu bai fita ba, ko kan yatsan ya fara sanyi da duhu, a tafi sashen gaggawa, suna da abin yanka zobe. Maƙerin zinare zai liƙe shi daga baya.

Me ya sa yake kumbura

A hannu ɗaya akwai ƙasusuwa 27: guda 8 a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu. Cikin wannan ɗan fili jijiyoyi suke a cunkushe. Hausa ta haɗa abu uku a kalmar jijiya, wato mai kai jini, mai kawo ji, da mai jan yatsa kamar igiyar guga. Ta ukun nan tana kai da kawowa ne cikin wani siririn kwararo mai santsi. Idan nama ya bugu, ƙananan hanyoyin jini suna buɗewa, ruwa mai kauri ya tsiyayo don a fara gyara. Shi ne kumburi. Yakan yi ta ƙaruwa har kwana 2 zuwa 3, sannan ya fara sacewa, don haka hannun da ya wayi gari ya fi jiya tashi ba lallai ne wani abu ya lalace ba. Matsalar ruwan nan ita ce danƙo. Idan ya yi makonni a kwance sai ya koma kamar gam, ya manne jijiyar ja da kwararonta, ya taurara gaɓa.

Fatar tafi a manne take da naman ƙarƙashinta, ta bayan hannu kuwa sako-sako ce, can ruwa yake samun wuri. Shi ya sa ƙaya za ta soki tafi amma bayan hannu ne zai tashi kamar fanke. A duba gaba da baya kafin a ce ga inda ciwon yake.

Kada a yi saurin cewa targaɗe ne

"Ai yana motsi, ba karaya ba ce." Wannan magana ta cuci mutane da yawa. Yatsan da ya karye yana iya lanƙwasawa. Ga gwajin da bai wuce minti 5 ba, kuma kowane mataki a kwatanta shi da lafiyayyen hannun.

Danna farce har ya yi fari, ka saki. Jan ya dawo cikin daƙiƙa 2. Hajiya mai lalle ko jan farce, ki danna naman cikin kan yatsa, nan ma ana gani. Sai a rufe ido, wani ya shafa gefe-gefen kan kowane yatsa da auduga. Jijiyoyin ji biyu ne suke bin kowane yatsa, ɗaya a kowane gefe, kuma ƙaramin yanka na iya tsinke ɗaya ya bar ɗaya.

Daga nan ka dunƙule hannu a hankali kana kallon farata. Yatsu huɗun su nufi gindin babban yatsa wajen wuyan hannu, kowanne a layinsa. In ɗaya ya hau kan maƙwabcinsa ko ya yi almakashi da shi, ƙashi ya karye ya juya, kuma in ya haɗe a haka ba zai miƙe da kansa ba. Dubi tudun gaɓoɓin dunƙulen ma. Wanda ya naushi bango ko ƙofa, tudun ƙaramin yatsa ya nutse, wannan karaya ce sananniya.

Sannan kan yatsa. Riƙe gaɓar tsakiya, ka lanƙwasa ta ƙarshe ita kaɗai, ka miƙe ta. Idan kan yatsan ya langaɓe ya ƙi miƙewa sai ka ɗaga shi da ɗayan hannun, jijiyar miƙewa ce ta ɓalle. Zafinta kaɗan ne, har gyaran shimfiɗar katifa yana jawo ta, shi ya sa ake raina ta. Maganinta ƙaramar takala ce da za ta riƙe gaɓar ƙarshe a miƙe dare da rana, mako 6 zuwa 8, kuma in aka cire don wanka kan ya langaɓe ko sau ɗaya, lissafi ya koma farko. Ana wanke shi ne a shimfiɗe kan tebur. Idan kuwa lanƙwasawa ce ta gagara, kamar wanda yatsansa ya maƙale a rigar wani ko a igiyar buhu aka fizge, jijiyar ja ce ta tsinke. Wannan aikin tiyata ne cikin 'yan kwanaki, domin tana janyewa ciki kamar roba.

Babban yatsa: matse takarda tsakaninsa da manuniya, wani ya ja. In ba ƙarfi, ko juya makulli ya gagara, igiyar gindinsa ta yage, a gani a asibiti.

Na ƙarshe shi ne wanda aka fi kuskurewa. Miƙe babban yatsa sama, za ka ga wani ɗan rami a gindinsa ta gefen wuyan hannu. Wanda ya faɗi ya dafa ƙasa, aka danna ramin nan ya zabura, a ɗauka ƙaramin ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya tsage har sai an tabbatar ba haka ba ne. Tsagewarsa takan ɓuya a hoton farko, sai a sa takala a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14, ko a yi hoto mai zurfi. Jini ba ya isarsa sosai, in aka bar shi yana iya ƙin haɗewa, bayan shekaru wuyan hannu ya zama abin kuka. Masu tura keken tsofaffi da masu dakon kaya su lura da wannan musamman, domin da wuyan hannu suke cin abinci.

Duk wanda ya faɗi ɗaya daga cikin gwajin nan, ko yatsa ya goce, ko ƙashi ya leƙo, a nemi asibiti a ranar. Yaro ma da ya kumbura a gaɓa a kai shi hoto, domin wurin da ƙashinsa ke tsiro ya fi igiyar gaɓa rauni. Lambar motar asibiti ta Hilal Ahmar 997 ce, ta shawarar likita ta Ma'aikatar Lafiya kuma 937. Ga wanda Larabcinsa bai nuna ba: sashen gaggawa ɗawari ne, hoton ƙashi ashi'a, karaya kasr, kumburi waram. Mun san abin da ke sa wasu jan ƙafa, ko kuɗi ko takardu. Duk da haka hoto ɗaya a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, bai kai kuɗin tiyatar gyaran ƙashin da ya haɗe a karkace ba.

Kwana uku na farko

Ɗaga hannu ya fi komai aiki, kuma shi aka fi yi ba daidai ba. Ruwa gangara yake bi: yatsu su fi wuyan hannu tudu, wuyan hannu ya fi gwiwar hannu, duka su wuce saitin zuciya. Hannun da aka ɗora a cinya ba a ɗaga shi ba. Wanda aka rataye da gyale yana reto a saitin cibiya ma haka, ruwa taruwa yake yi a yatsu. In za a rataye, yatsun su kai kusa da ɗayar kafaɗar. A zaune, kafa gwiwar hannu a kan tebur ko hannun kujera, yatsu na kallon rufi. A kwance, jera matashin kai 2 ko 3 a gefenka ka jingina hannun, ko ka ɗora shi a ƙirji bisa matashi. Mai ɗawafi ko doguwar tafiya a ƙasa ya dafa kafaɗarsa da hannun. Zafin Makka shi kaɗai yana kumbura lafiyayyun yatsu, balle wanda ya bugu. Alamar ka yi daidai ita ce zugin nan mai bugawa kamar ganga zai lafa cikin 'yan mintoci, ka sauke hannu ya dawo.

Ƙanƙara tana rage zafi. A naɗe ta a ɗanyen tawul mara kauri, kada ta taɓa fata kai tsaye. Minti 15 zuwa 20 a bayan hannu ko wuyan hannu, minti 10 ya isa a yatsa, duk bayan awa 2 ko 3. Ledar wake ko masara daga firiza ta fi dunƙulen ƙanƙara kwanciya a hannu. Fata ta yi fari fat ko ta mutu, a cire. Masu sikila kada su sa ƙanƙara sam, sanyi yana tayar musu da ciwo. Mai ciwon sukari da jin yatsunsa ya ragu shi ma ya haƙura, zai ƙone da sanyi bai sani ba. Su ɗaga hannu kawai.

Tun da an ambaci sikila: ƙaramin yaron da hannayensa ko ƙafafunsa suka kumbura suna zafi ba tare da faɗuwa ba, a kai shi asibiti a faɗi cewa akwai sikila a dangi in akwai. Kada a tsaya neman wanda ya yar da shi.

Bandeji mai talewa ana fara naɗa shi daga wajen yatsu a haura zuwa wuyan hannu, kowane zagaye ya rufe rabin na baya, a bar kan yatsu a waje ana ganinsu. Ɗan yatsa ya iya shiga ƙarƙashinsa. Idan yatsu suka fara minjirya, suka yi sanyi, ko zugi ya ƙaru bayan ɗauri, a warware nan take. Ɗaurin da ya yi daidai da azahar yana iya zama tarko da tsakar dare, saboda hannun na ci gaba da tashi, don haka a sassauta kafin barci.

Yatsan da gaɓarsa ta bugu amma ya ci gwajin da aka ambata, a goya shi da maƙwabcinsa. A sa siririyar auduga a tsakaninsu don gumi kada ya ci fata, a ɗaure da filasta biyu, ɗaya a ƙasan gaɓar tsakiya ɗaya a samanta, ita gaɓar a bar ta a sake tana lanƙwasawa. Ƙaramin yatsa da na zobe ake haɗawa, manuniya da na tsakiya. A canja kullum bayan wanka. Mako 2 zuwa 3 yakan isa. In sai an sa wa hannu duka takala kafin a kai asibiti, kada a shimfiɗe shi ɗauɗar a kan katako. Wuyan hannu ya ɗan ɗago baya, gindin yatsu a lanƙwashe, su yatsun a miƙe, kamar bakin agwagwa. A wannan zama ne igiyoyin gaɓa ba sa tsukewa.

Abin da za a bari a kwana ukun nan: gashi da ruwan zafi, man zafi, murza da ƙarfi, da jan yatsa don ya yi ƙas. Zafi yana ƙara buɗe hanyoyin jini, murza tana fasa abin da ya fara haɗewa. Ƙaho da tsaga da sakiya a kan hannun da ya kumbura ba su da wurin zama. Ruwan a cikin nama yake kamar a soso, ba a jaka yake ba balle a huda ya zube, ƙwayar cuta kawai za a buɗe wa ƙofa. Game da masu ɗori, akwai masu hannu a cikinsu, ba a musu. Amma ba sa ganin cikin gaɓa, kuma a yatsa karkacewar da ido ba ya kamawa ta isa ta hana dunƙule hannu. Karan ɗori da aka tamke a kan kumburi mai ƙaruwa kuwa yana iya kashe nama cikin awoyi. A fara da hoto.

Magani

Babba mai nauyin kilo 50 zuwa sama zai iya shan farasitamol ƙwaya 1 ko 2 masu miligiram 500 duk bayan awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Panadol da Fevadol da Adol duk abu ɗaya ne, kuma yawancin magungunan mura suna ɗauke da shi, a haɗa lissafi. Ibufurofen, wanda aka fi sani da Brufen, miligiram 400 har sau 3 a rana bayan cin abinci, na 'yan kwanaki kawai. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mace mai juna biyu, mai shan maganin tsinka jini, da mai asmar da irin wannan magani ke tayar masa, su bar shi. Wanda ya yini a rana yana zufa bai sha ruwa ba, ko mai azumi, ya yi hattara, domin a jikin da ruwa ya ƙare ne yake taɓa ƙoda. Kada a haɗa shi da ƙwayar Voltaren, dangi ɗaya ne. Na shafawa ya fi sauƙi ga ciki, amma ba a sa shi a kan rauni buɗaɗɗe. Tiramadol da wani zai miƙo maka daga jaka kuwa, a ƙasar nan riƙe shi ba takardar likita laifi ne babba, kuma bugewar yatsa ba ta kai nan ba.

In fata ta fashe

Danna wurin da tsumma mai tsabta minti 10 cur, hannu a sama, ba leƙe. Kada a ɗaure gindin yatsa da roba. Jini ya tsaya, a wanke da ruwan famfo mai gudu na kamar minti 5, a wanke gefe da sabulu, a rufe. Garin kofi, toka, man goge baki da man birki duk ba su da amfani, sai wahalar da mai wankewa. Yankan da bakinsa ya buɗe yana son ɗinki cikin 'yan awoyi, zaren hannu kuma ana cire shi bayan kwana 10 zuwa 14. Raunin da ƙasa ko tsatsa ta shiga, in allurar tetanus ta ƙarshe ta wuce shekara 5 ko ba a tuna ba, a sake.

Akwai ƙananan huji da ba a jira da su. Ƙayar dabino tana karyewa a ciki, ba kasafai take fita a hoton ƙashi ba, kuma takan kumbura gaɓa makonni bayan an manta da ita. Masu aikin gonakin Madina sun san ta. Ƙayar kifi ga masu gyaran kifi a Jidda, cizon kyanwa mai haƙora kamar allura, da haƙorin mutum da ya fasa tudun gaɓa lokacin naushi, duk suna kai ƙwayar cuta can ciki. Na ƙarshen nan a gaya wa likita gaskiyar yadda aka yi, kunya ba ta da amfani a nan. Mafi muni shi ne bindigar fenti ko ta giris da ta harbi yatsa: hujin kamar na sauro, amma abin ya bazu har tafi. Tiyata ce a ranar ko da ba a jin zafi.

Farcen da ƙofa ta datse, jini ya taru a ƙarƙashinsa yana zugi, ma'aikacin lafiya zai huda shi ya zube cikin kwana 1 ko 2 na farko, bayan haka jinin ya daskare. In ba ya zafi a ƙyale shi. Farce yana tsiro kamar milimita 3 a wata, sabo yakan ɗauki wata 4 zuwa 6 kafin ya rufe. Tsohon kada a ɓamɓare shi, shi ne rumfar sabon.

Bayan kwana uku: motsi

Nan ne ake samun hannu ko a rasa shi. Yatsun da ba su ji ciwo ba, da gwiwar hannu da kafaɗa, tun ranar farko ake motsa su. Tsofaffi da masu sukari kafaɗarsu tana saurin ƙagewa in aka rataye hannu, a riƙa ɗaga shi sama da kai sau 10, safe da rana da dare. Wanda ya bugu kuma, in ba karaya ko tsinkewar jijiya, a fara motsa shi da zarar zugi ya lafa. Motsi shi ne famfon da ke tura ruwan baya. Hutun da ya wuce mako 3 ba umarnin likita, gaɓar yatsa ba ta yafe shi.

Yanzu ruwan ɗumi ya halatta, in ba rauni buɗaɗɗe. Tsoma hannu minti 10 a ruwan da gwiwar hannu za ta iya jurewa, sannan ka kafa gwiwar a tebur ka bi waɗannan zama biyar, kana komawa miƙe tsakanin kowanne: yatsu a miƙe tsaye, ƙugiya, wato ka lanƙwasa gaɓoɓi biyu na sama gindi na miƙe, kamar mai rataye leda, bakin agwagwa, gindi a lanƙwashe yatsu a miƙe, kan yatsu su sauko su taɓa ƙasan tafi, gaɓar ƙarshe a miƙe, sai cikakken dunƙule. Riƙe kowanne daƙiƙa 5, zagaye 10. Ƙara da taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, da buɗe yatsu da haɗe su. Kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi wahala sau ɗaya. Wanda ya ɗaura shi da salloli biyar ba zai manta ba, in ya samu ƙari a tsakani ya fi.

Mutane sukan damu da lanƙwasawa su manta da miƙewa. Gaɓar tsakiya ta fi son ƙagewa a tanƙware. Shimfiɗa bayan hannu a tebur ka ga ko yatsan ya kwanta kamar 'yan'uwansa. In akwai rata, danna shi a hankali da ɗayan hannun, daƙiƙa 20, sau da yawa a yini.

Ma'aunin zafi: jin ja da ɗan tsami daidai ne. Zafi mai soka, ko wanda ya wuce awa 1 bayan an gama, ko hannu ya wayi gari ya fi jiya kumbura, an zarce, a rage. Ana iya shafa da mai a hankali daga kan yatsa zuwa wuyan hannu har gwiwa, hannu a sama, minti 5, shafa irin ta lallashin jariri. Don sanin ko ana ci gaba, zagaya gaɓar da zare ko tef ɗin tela kowace safiya, ka kwatanta da ta ɗayan hannun. Ido yana ruɗi, musamman da yamma da kumburi ke dawowa. Kada a matsa ƙwallon roba sai kumburi ya sace kuma hannu na dunƙulewa, kafin nan soso a cikin ruwan ɗumi ya isa.

Bugewar nama kan lafa cikin mako 1 zuwa 2. Targaɗen gaɓar yatsa mako 2 zuwa 6. Ƙashin yatsa yana kamawa a mako 3 zuwa 4, ya yi ƙwari wajen mako 6, amma ɗaukar bulo da guduma sai mako 8 zuwa 12. Sigari da shisha suna tsuke hanyoyin jini su jinkirta haɗewa, sukarin da ya hau ma haka.

Alamun da ke cewa a koma asibiti

Kumburin da ya fara sacewa ya dawo da zafi da ja, zugi mai hana barci, mugunya, jan layi yana haurawa damtse, kaluluwa a hammata, ko zazzaɓi. A fata mai duhu ja ba ya fita sosai, a dogara da ɗumi da sheƙi da zafin taɓawa. Akwai siffa ɗaya da ya kamata kowa ya riƙe: yatsa ya kumbura gaba ɗaya tun daga gindi, ya tsaya a ɗan tanƙware, cikinsa na zafi in an danna, in aka gwada miƙe shi mutum ya yi ƙara. Ƙwayar cuta ce ta shiga kwararon jijiyar ja, kuma kwana ɗaya ko biyu sun isa ta lalata ta. Ba a kwana da wannan. Ragowar kafso na wani ba zai yi ba, kuma saidaliyya, wato kantin magani, ba ta bayar da maganin ƙwayoyin cuta sai da takardar likita.

Wani abin kuma ba ƙwayar cuta ba ne. Makonni sun wuce, raunin ƙarami, amma hannu na ƙuna kamar an zuba barkono, ko hannun riga ya taɓa sai an ji, fata na sheƙi, launi da zufa sun bambanta da ɗayan hannun. Jijiyoyin ji ne suka rikice. Ba raki ba ne, ba kuma sammu ba. Yana jin magani in an fara da wuri, wajen likita da masu gashin ƙashi na asibiti, waɗanda a nan ake kira ilaj ɗabi'i. Haka wanda ya kai mako 3 kan yatsunsa ba sa taɓa tafi, ya nemi a tura shi wajensu.

Alwala da komawa aiki

Malamai sun yi bayanin halaccin shafa a kan bandeji ko filasta idan cirewa za ta cutar, don haka mai takalar kan yatsa kada ya riƙa kwance ta sau biyar a rana. Bandejin da ya jiƙe a canja shi, danshi yana ruɓar da fata. A sujada a ajiye hannun a hankali, wajen tashi a dogara da lafiyayyen.

Wanda ya ji ciwo a bakin aiki ya sanar da mai aikin ko kafili nan da nan, ya riƙe takardar asibiti ko da raunin ya yi kama da ƙarami. Ga masu rajista da Ta'aminat, hukumar inshorar ma'aikata, ƙa'ida ita ce ma'aikaci ya sanar da mai aiki cikin kwana 7. Kafin komawa aikin ƙarfi, gwada abu uku a gida: dunƙule hannu cikakke, matse jiƙaƙƙen tawul, da ɗaga jarkar ruwa mai lita 5 ba tare da suka ba. Direba ya tabbata zai iya juya sitiyari da sauri da hannu biyu. A makonnin farko na aiki a ci gaba da goya yatsan, da dare a ɗaga hannu.

Gaɓar tsakiyar yatsa ita ce ta ƙarshen sacewa. Takan yi wata 6 har shekara tana da kauri da taurin safe, wani lokaci ta zauna ta ɗan fi 'yar'uwarta girma ko da komai ya warke. In ba zafi kuma tana lanƙwasawa tana miƙewa, a ƙyale ta. Zobe kada a mayar da shi sai zaren awo ya nuna gaɓar ta daina canjawa tsakanin safe da yamma. In bayan shekara bai shiga ba, a kai wa maƙeri ya buɗa shi.